Talata, Ranar Awon Umma

Tun bayan sallar asuba muka kama hanyar asibiti, don ranar awon jini ce, wanda ya makara kuwa a layi zai yini. Gobe ne za a yi wa Umma allurar kimo ta gaba, wato allurar maganin ciwon daji, wadda ake yi mata duk bayan mako uku tun da aka yi aikin nonon. Kafin kowace allura sai an duba jini an kuma hau sikeli, saboda da tsayi da nauyi ake lissafa yawan maganin da za a ɗura mata.

Sikeli ya nuna kilo 53. Ranar da aka buɗe mata fayil 58 aka rubuta. Na san ta rame, awarwaronta ma yanzu har gwiwar hannu yake gangarowa, amma ganin lambar ya fi tayar min da hankali. Nas ɗin ta dubi fayil, ta dubi Umma, ta ce, "Mama, ina kika kai mana kilo biyar?" Umma ta yi murmushi ta ce, "'Yar nan, abincin ne ba ya shiga."

Jini dai ya isa, da ƙyar. Likita ya ce za a yi allurar, amma ramar ce ba ta yi masa daɗi ba. Duk mai ciwon daji da ya zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata shida, in ji shi, ya shiga sahun waɗanda ake sa wa ido, ita kuwa Umma ta kusa kashi 9. Abin da ke tafiya kuma ba kitse kaɗai ba ne, har da tsoka, kuma jikin da tsokarsa ta zube shi ne maganin ya fi galabaitarwa, shi ake yawan ɗaga wa allura. Ya rubuta takarda ya tura mu wurin jami'ar kula da abincin marasa lafiya.

Tambayar farko da ta yi ita ce me Umma ta ci jiya, tun daga safe har dare. Muka lissafa: rabin kofin koko ba sukari, lomar tuwo biyu da rana, sai ruwan dafaffen ganye da yamma. Ta ce ina nama, ina ƙwai, ina madara? Nan fa Umma ta fara jero abubuwan da aka hana ta. Nama yana ciyar da ciwon. Ƙwai yana hana miki warkewa. Sukari shi ne abincin ciwon daji. Mai kuma yana sa ƙari ya girma. Jami'ar ta ce wane likita ne ya faɗa? Babu ko ɗaya. Masu dubiya ne, kowa ya zo da ledar lemo sai ya bar doka guda ya tafi, wasu kuma daga WhatsApp suka kwaso. Ban ce da mugunta suke yi ba, amma wallahi in aka tara dokokin masu dubiya wuri guda, ko lafiyayyen ƙato aka ɗora wa sai ya kwanta.

Matar nan ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Mama, da ruwan ciki ake jan na rijiya." Ta bayyana mana cewa hana mara lafiya abinci ba ya kashe ƙarin da yunwa. Shi ƙarin zai ci gaba da ɗibar rabonsa ko an ci ko ba a ci ba, in bai samu daga abinci ba jiki zai narkar da tsokarsa ya ba shi. Ciwon da kansa yana haddasa kumburi a cikin jiki wanda ke kashe sha'awar abinci, maganin kuma ya zo ya ƙara da tashin zuciya, da gyambon baki, da sauya ɗanɗano. Wannan bayanin ya tsaya min a rai, domin a gida an fara cewa Umma taurin kai take yi.

Sai ta ɗauki biro ta yi lissafi a gabanmu. Mai irin wannan jinya yana buƙatar kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, 25 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, da furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1 zuwa 1.5 a kan kowane kilo. Ga Umma ke nan giram 53 ne mafi ƙaranci. Ƙwai guda giram 6 ne ko sama kaɗan. Da na kwatanta da kokon jiya sai jikina ya yi sanyi. Ta ce ma'aunin na ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai ne, ESPEN, kuma su ne suka kawo ƙiyasin cewa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na masu ciwon daji da ke rasuwa, rashin abinci mai gina jiki ne sanadi fiye da shi ciwon dajin. Wannan ni kaɗai ta gaya wa, lokacin da Umma ta fita kama ruwa.

Abin da ya burge ni, ba ta aike mu kantin magani sayen gwangwanin madarar nan mai tsada ba, ta ce sai in abincin gida ya gaza. Kunun gyada ta fara ambata, a dama shi da kauri, a zuba madarar gari da cokalin mai, tunda cokali guda na mai ya kai kalori 120 kuma ba ya cika ciki. Alale da ƙwai a ciki. Awara. Faten wake da ya nuna luɓus. Kifi a cire ƙaya a marmasa a miyar kuɓewa don ya wuce da santsi. A daina tara mata malmalar tuwo a gaba, a riƙa ba ta ɗan kaɗan duk bayan awa biyu, da agogo, kada a jira ta ce tana jin yunwa don ba za ta ce ba. Ruwa a sha tsakanin ci da ci. Abinci ya huce kafin a kai mata, tururi da ƙamshin girki ne ke tayar da zuciya. In nama yana yi mata ɗanɗanon ƙarfe, a gwada cokalin roba. Tsamiya da yaji da lemon tsami a ɗaga musu ƙafa har bakin ya warke, a riƙa kuskure shi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri.

Hani guda ne ta yi da gaske. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan allura ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta kan yi ƙasa sosai, don haka ban da nonon da ba a tafasa madararsa ba, ban da ɗanyen ƙwai, ban da tsiren bakin titi da kwaɗon da ba a san ruwan da aka wanke shi da shi ba. Umma da fura da nono kuwa sai Allah. Aka daidaita a kan yogot na kamfani ko kindirmon da muka tafasa madararsa da hannunmu.

A hanyar dawowa na tsaya kasuwa na auno gyaɗa da waken suya. Na zauna na tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna na zubar, don gubar da ke cikin irinta hanta take lalatawa. Da la'asar Umma ta shanye ƙaramin kofi na kunun, bayan magariba ta ci rabin alale. Yaya ya shigo da kwanon tuwo daga gidansa yana cewa, "Umma, ki daure ki cinye, saboda Allah." Na ja shi tsakar gida na nuna masa takardar. Ya karanta ya yi shiru, can ya ce kiret ɗin ƙwai da madara a bar masa, duk mako zai kawo.

Goggo ce ba ta sauko ba. Ta zo da gorar jiƙo daga wurin wani mai magani, ta tarar da ɓawon ƙwai a kicin, ta ce mu 'yan boko za mu kashe mata 'yar'uwa. Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, asibiti ne suka ce a ba ta." Ta ce asibitin ne suka haife ta? Ban tanka ba. Na tambaye ta abin da ke cikin jiƙon, ta ce sassaƙe ne da saiwoyi, mai maganin ba ya faɗar sunansu. Likita ya riga ya gargaɗe mu cewa irin waɗannan na iya wahalar da hanta da ƙoda, waɗanda su ne ke tace maganin kimo. Na karɓi gorar da hannu biyu na yi godiya, na ce ba za a sha ba sai likita ya gani. Goggo ta ce to da ita za a je goben, ta ji da kunnenta. Na ce ta shirya, ƙarfe shida mai adaidaita zai zo.