Na ƙwanƙwasa jirgin kamar tukunya

'Yan uwa masu koyo, na dawo Katsina daga Legas shekaranjiya, kuma ban sayi tsohon jirgin ruwan da na je dubawa ba. Dama mutanen unguwarmu dariya suke yi mini, wai wanda bai san ruwan da ya wuce dam ɗin Ajiwa da na Zobe ba, shi ne zai je tayin jirgin teku mai filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa. To, na je na gani da idona.

Tsawonsa ƙafa 30, jikin faiba (wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi), ƙirar shekarun 1970, da ɗan ɗakin kwana da wurin girki a ciki. An shafe shi da sabon farin fenti, har na ji zuciyata ta kwanta tun daga nesa. Allah ya taimake ni da wani dattijo mai gyaran jirage da na ɗauko. Bai ko kalli fentin ba. Ya miƙo mini sukundireba ya ce, "Malam, juya ƙotar, ka bi saman jirgin nan kana ƙwanƙwasawa kamar yadda mata ke yi wa tukunya a kasuwa."

Na durƙusa ina bi taki-taki. Wajen goshin jirgin ƙarar na fita ƙal-ƙal, tsaf. Ina zuwa gindin dogon ginshiƙin da ke ɗauke da filafilai sai ta koma dum-dum, kamar kana dukan jiƙaƙƙen buhu. Na taka wurin, ya ɗan lotsa. Dalili kuwa, saman irin waɗannan jirage faiba ce sama da ƙasa, da katako marar nauyi a tsakiya, galibi itacen balsa. Ruwa ya bi ta ramin ƙusa ya shiga, katakon ya ruɓe a ɓoye shekara da shekaru. Kuma daidai wurin da nauyin ginshiƙi ke zaune! Na fi rabin awa a nan ina zagaye iyakar ruɓar da alli.

Wayoyin ƙarfen da ke ɗaure da ginshiƙin, dillali bai san yaushe aka canza su ba, alhali masana na cewa a sabunta su bayan kamar shekara 10. A cikin ɗaki, inda ƙarfen da ke riƙe su ya ratso ta sama, na ga zanen tsatsa ya gangaro a bango. Filafilan kuwa rana ta cinye su, na karta ɗinkin da farce zaren ya tsinke.

Inji ne ya ba ni haushi. Tun a waya na roƙa kada a tayar da shi sai na iso, don in ga yadda yake tashi da sanyi. Ina ɗora hannu na ji shi da ɗumi. Wannan dabara mun san ta a wajen masu sayar da tsofaffin motoci a gida. Na zaro sandar awon mai, mai dai baƙi ne, bai koma kamar madara ba, wato ruwa bai gauraya da shi ba. Wannan kam na yaba.

Abin da ya rage shi ne ƙasan jirgin. Sai an ɗaga shi daga ruwa za a ga ko faibar ta yi ƙuraje masu ɗurar ruwa, waɗanda in ka fasa su suke wari mai tsami, da kuma ko akwai tsaga a inda nauyin ƙarfen nan da ke hana jirgi kifewa ya haɗu da jiki. Dillali ya ce, "Alhaji, ka taya mana, in ya so a ɗaga daga baya." Na ce sai an ɗaga, kuɗin ɗagawar ma ni zan biya. Ya ce zai tuntuɓi mai jirgin.

Har yanzu wayata shiru. Jiya uwargida ta same ni ina ƙwanƙwasa ƙyauren banɗaki da ƙotar sukundireba, kuma wallahi ƙasansa dum-dum yake yi.