Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Zaman Kakana a Birnin Ƙudus

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda aka kai ni gidan kakana a Fagge bayan rasuwar mahaifiyata, toh yau zan ɗan kauce daga kaina, dan ba za ku gane irin riƙon da na samu ba sai kun san waye wannan tsohon.

Azumin 1973 ne, ina ɗan shekara sha ɗaya. Ranar 10 ga Ramadan Masar da Siriya suka far wa Isra'ila, kullum in an sha ruwa maza su zagaye rediyon kakan nawa, Alhaji, a zaure ana jin BBC, da akace sojan Masar sun tsallake Suwez sai zaure ya kaure da kabbara, nima na miƙe ina tsalle ina cewa Allah ya ƙarar da Yahudawa kaf. Alhaji bai tanka ba sai da kowa ya watse, sannan yace "kai abokina, Bayahude nawa ka sani?" Nace ko ɗaya. Yace toh zauna.

Shi Alhaji a ƙafa ya tafi hajji yana saurayi, ta Borno da Abeshe da Fashir, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira ta ƙasar Sudan ya tara guzuri sannan ya haye teku ta Sawakin. Mutanen wancan zamanin in sun sauke farali suna son su haɗa da ziyarar Masallacin Ƙudus, haka ya bi ayari ya isa can a 1933, lokacin Turawan Ingila ke riƙe da Falasɗinu. Wata ɗaya ya yi niyya, sai gashi ya shekara sha biyar.

Masaukinsa dab da Babul Majlis ne, ɗaya daga ƙofofin masallacin, wasu tsofaffin gidajen baƙi guda biyu masu kallon juna da aka gina tun zamanin sarakunan Mamluk na Masar, Turkawa ma sun taɓa maida su kurkuku. Nan baƙaƙen fata ke zaune, Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Wadai da Darfur, da yawansu gadin ƙofofin masallaci suke yi. Shi kuwa ga-ruwa ya kama da salka a baya, saboda gidajen cikin ganuwa ruwan sama suke tarawa a rijiyar tsakar gida, in rani ya yi nisa ta ƙafe. Kuma kun san ga-ruwa babu gidan da baya shiga.

Yace abin da ya fara ɗaure masa kai, gida ɗaya tsakar gida ɗaya, ɗakin nan Musulmi na can Bayahude, igiyar shanya ɗaya, gidan burodi ɗaya suke kai ƙullu, matan na faɗa kan yara da Larabci baka iya bambance wacece wacece sai in Juma'a ta yi yamma. A lokacin ne Yahudawa ke kai tukunyarsu gidan burodi ta kwana a tanda, dan daga faɗuwar ranar Juma'a har bayan magaribar Asabar basa taɓa wuta. In fitila ta mutu ko sanyi ya matsa, ɗan maƙwabci Musulmi ne zai shiga ya kunna. Akwai wata tsohuwa Bayahudiya a wani lungu kusa da kasuwar Ƙattanin da Alhaji ke kai wa ruwa, ita kam shi ta maida mai kunna mata, tana ce masa ya hajj, ranar Asabar bata taɓa kuɗi sai Lahadi ta biya shi harda ƙari.

Wajen da yafi jin daɗin bayarwa shine idinsu na Ƙetarewa (Faska). Kwana bakwai basa cin burodi mai yisti sai wata busasshiyar gurasa ƙamas, suna rarraba wa maƙwabta, yace babu gishiri babu daɗi amma ka isa ka ƙi karɓa? Daren da idin ya fita kuma Musulmi ne ke aika musu tire da burodi mai zafi da man shanu da zuma. Wallahi duk sanda ya zo nan sai na tuna tuwon sallah da muke kaiwa Sabon Gari.

Amma Alhaji bai ɓoye min komai ba. Yace ko da ya zo bangon ya riga ya tsage, tun rikicin 1929 tsakanin Larabawa da Yahudawa kan bangon Buraƙ na jikin masallacin, da aka kashe mutane sama da ɗari ta kowane ɓangare. Kuma su mutanen gari suna bambanta Yahudawa ƴan ƙasa masu Larabci da sababbin zuwa daga Turai, waɗanda ƙungiyoyinsu ke sayen filaye a wajen manyan masu ƙasa ana tashin manoman da suka gaji noman wajen. Da Larabawa suka shiga yajin aikin wata shida a 1936 Yahudawan unguwar Musulmi suka yi ta kwashe kaya, tsohuwar nan ta koma unguwar Yahudawa, shi kuma yakan saci jiki ya kai mata ruwa har can.

Sai 1948. A Afrilu mayaƙan Yahudawa suka yi wa Larabawan ƙauyen Deir Yasin kisan gilla, ya ga Larabawan unguwannin Ƙatamon da Baƙa'a na wajen ganuwa suna shigowa cikin ganuwa da yara da mabuɗan gidajensu a hannu, gidajen da har yau basu koma ba, nan muryarsa ke rawa dan wannan zaluncin bai taɓa yafe shi ba. Ƙarshen Mayu kuma unguwar Yahudawa ta miƙa wuya ga sojan Jodan aka fitar da mutanenta ta ƙofar Annabi Dawuda, yace ya tsaya a gefe yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya ko zai ganta. Bai ganta ba.

Nace Alhaji toh mutuwa tayi? Yace Allah masani, tashi ka kwanta kar ka makara sahur. Mako mai zuwa in Allah ya kaimu zan kawo yadda ya dawo Kano da kuma rigimar saka ni boko.