Zango ɗaya a makarantar coci a Ngaundere

Tunda na dawo mutane ke ta tambayata wai me ya kaini Kamaru kuma nawa aka biyani. Toh ba'a biyani ko sisi ba, aikin sa kai ne, ɗaki da abinci suka ɗauke min sai ɗan kuɗin mashin, kuma da za'a ce in koma gobe, yau ɗinnan zan haɗa jakata.

Ni malamar Turanci ce a Jimeta, kuma 'yar LCCN ce, wato cocin Lutheran na Najeriya, tun daga kakanni. Mu dai mun san namu tarihin, likitan Danmak ɗinnan Niels Brønnum da ya sauka Numan a 1913, amma da yawanmu bamu damu da sanin cewa a tsallaken iyaka akwai 'yan'uwanmu Lutheran masu yawan gaske ba, su nasu mishan daga Amurka da Norwe suka zo, 'yan Norwe sun kafa sansani a Ngaundere tun 1925, har yau akwai unguwar da ake kira da sunansu kuma asibitin coci na nan a cikinta. Ta hanyar wani fasto da yake zuwa taro can ne maganar ta iso mana, cewa wata ƙaramar sakandaren coci a gefen gari malamin Turancinsu ɗaya ne tal ga aji rututu, suna neman wanda zai zo ya kama masa ko da na zango ɗaya ne. Na nemi izini a wurin aikina, mamana tayi ta jan ƙafa da farko saboda labarin masu garkuwa da mutane a dazukan can, daga baya ta sa min albarka.

Farkon Janairu na tashi, ta hanyar Belel. Wanda bai taɓa bin hanyar ba ya sa a ransa cewa zai sha ƙura, mun isa bakin iyaka kowa gashin idonsa yayi fari. A nan na canja kuɗi, kuma abin lura ga masu niyya, sefar Kamaru daban take da ta Nijar, ƙimarsu ɗaya amma takardun ba ɗaya bane, kada ka kwaso ragowar ta Maraɗi ka ce zaka ci abinci da ita a Garwa. Sannan Kamaru bata cikin ECOWAS, don haka fasfo da katin rigakafin shawara su zauna a kusa, za'a yi ta tambayarsu a shingaye har ka gaji da ciro su. Na kwana Garwa a gidan wani dattijon ikilisiya, matarsa ta tuƙa min tuwon masara da miyar yakuwa, muna hira da Fillanci rabi da Hausa rabi, ban ji baƙunta ba sam, ai kogin Binuwai ɗinnan da ke bin bayan garinsu shi ne dai yake gangarowa ya wuce ta ƙarƙashin gadarmu ta Jimeta.

Washegari na shiga babbar bas zuwa Ngaundere, tafiyar wajen kilomita 280 ce. Daga Garwa zuwa Ngong gonakin auduga ne da tsibin farar auduga a bakin hanya, daga nan sai daji, hanyar na bi ta gefen gandun namun dajin Binuwai, mun ga gwaggon biri zaune a bakin kwalta ko gezau. A Mbe aka tsaya, garin doya kenan, mata suka yanyame motar da doya a kai, fasinjoji suna ta saye ana cusawa a ƙarƙashin kujera. Bayan Mbe ne ake fara hawan dutsen da kowa ke tsoro, hanya tana murɗewa tana hawa, manyan tireloli masu kai kaya Chadi suna saukowa a hankali kamar hawainiya kana jin ƙaurin birki, wata mata kusa dani ta rufe ido tana ta salati ni kuma ina ta addu'a a zuci. Muna gama hawa sai iska ta canja gaba ɗaya, kowa ya fara neman rigar sanyi. Garin Ngaundere yana kan tudu sama da mita 1,000, sanyin asuba a watan Janairu ba wasa bane, nayi sati ina wanka da ruwan zafi kafin jikina ya saba.

Makarantar ba wata babba bace, dogayen ajujuwa ne masu rufin kwano da itatuwan mangwaro a tsakar fili, coci a gefe. Tsarinsu na Faransa ne, ana fara sakandare daga aji shida ana saukowa ƙasa, aji uku su ke rubuta jarrabawar gama ƙaramar sakandare da ake kira BEPC, sannan gaba akwai jarrabawar Probatoire da ta Bac. Maki kuma bisa 20 ake bayarwa, wanda ya samu 10 ya tsira. Aka bani 'yan aji biyar da 'yan aji uku. Da safe ana taruwa a fili ayi waƙa ɗaya da gajeriyar addu'a, kuma abinda ya fara ɗaukar hankalina shi ne kusan rabin yaran Musulmi ne, 'yan mata da ɗankwalinsu da mayafi, suna tsaye shiru cikin ladabi har a gama, ba wanda ke tilasta musu buɗe baki, ranar Juma'a kuma ana sallamarsu da wuri. A benci ɗaya zaka ga Bafillatana da 'yar Gbaya da ɗan Dii da Mbum da Bahaushe, har da yara biyu-uku da iyayensu suka gudo daga yaƙin Afirka ta Tsakiya wajen 2014. In aka fita tara kuwa Fillanci ne ke tashi a filin, shi ne harshen kasuwa da na wasa.

Matsalar da na tarar ita ce yaran sun san Turanci a takarda amma bakinsu a kulle yake. Ka basu jimla kace su maida ta zuwa abinda ya wuce, zasu yi maka tsaf, wasu ma sun fi ɗalibaina na gida sanin ƙa'ida, amma kace yarinya ta tashi ta faɗi abinda ta ci da safe sai ta sunkuyar da kai aji ya ɗau dariya. Kuma ba laifinsu bane, ƙasar a hukumance harshe biyu gareta, Faransanci da Turanci, tun haɗewar ɓangaren masu Faransanci da na masu Turanci a 1961, amma yankuna biyu ne kawai cikin goma ke Turanci kuma suna can kudu maso yamma nesa, yaron Ngaundere zai iya wata guda bai ji Turanci a wajen aji ba sai dai a waƙar Najeriya a waya. Don haka na ajiye allo gefe na rabin kowane darasi. Na sa suka kawo tumatir da albasa da sabulu da gwangwanin madara, muka kafa kasuwa a gaban aji, wannan mai saye wannan mai sayarwa, dokar ita ce ba Faransanci ba Fillanci, kuma duk wanda yayi wa wani dariya shi zai fito na gaba. Satin farko da ƙyar, ana ta noƙewa. Wani yaro dogo da ke zama can baya wanda mahaifinsa ke dakon kaya a tashar jirgin ƙasa shi ya fara ɓallewa, ya tsaya yana ciniki da ƙarfinsa yana rantsuwa albasar tayi tsada, Turancin a karye amma yana fita, aji ya kaure da tafi. Daga ranar sai rige-rigen fitowa.

Akwai wata yarinya a aji uku, shiru-shiru, rubutunta kamar an buga, sai na ga kujerarta ba kowa kwana da kwanaki. Ƙawayenta suka ce ai kuɗin makaranta ne, kashi na ƙarshe ba'a biya ba, kuma ita kunya ta hanata zuwa a kira sunanta. Da naji 'yar unguwar Hausawa ce sai nace a rakani. Gidan ƙasa ne mai zaure irin namu, mahaifinta tela ne, na sameshi a kan keke yana ɗinkin wata shadda. Nayi sallama na durƙusa na gaisheshi da Hausa, ya ɗago ya cire tabarau yana kallona.

"Malama daga ina?"

Nace Baba daga Yola nake, ni ce ke koya wa 'yarku Turanci.

"Ikon Allah. Mu ma ai kakana daga Kano ya zo, fataucin goro ya kawoshi bai koma ba. Shigo ciki ki gaisa da uwarta."

Bayan an kawo min ruwa da kunun gyaɗa ne ya buɗe min ciki, yace Malama kada ki ɗauka na ƙi karatun nan ne, ni na kaita da hannuna, makarantar gwamnati aji ya cika ya batse shi yasa na zaɓi ta mishan don suna kula, amma uwar ta kwanta asibiti kuɗin ya tafi can, ɗinki kuma sai sallah ta matso. Nace Baba in an yarda a karɓa kaɗan-kaɗan zaku iya? Yace ko gobe. Na koma na samu shugaban makaranta, bai ja magana ba, yace da sun san halin da ake ciki da tuni an daidaita, matan zumunta na coci kuma da suka ji suka cire wani abu daga asusunsu suka rage nauyin, basu tambayi addinin yarinyar ba. Ranar Litinin ta dawo kujerarta. Har na bar garin kusan duk Asabar sai ƙaninta ya kawo min kilishi a takarda, kuma kilishin Ngaundere in baka ci ba kar ka sa baki a gardamar kilishi.

Amma wanda nafi so in yi magana a kansa shi ne malamin da naje taimakawa. Mutumin Bamenda ne, can yankin masu Turanci, ya daɗe a arewa har Fillancinsa yafi nawa, shi kaɗai yake riƙe da Turancin makarantar gaba ɗaya daga aji shida har ajin ƙarshe, yana gyara takardu da fitilar waya in an ɗauke wuta, albashinsa daga kuɗin da iyaye ke biya yake fitowa, in iyaye basu samu ba shi ma sai haƙuri, kuma ga 'yan'uwansa da rikicin yankinsu ya koro tun 2016 suna zaune a gidansa. Ni ana ta yabona a coci ana cewa baƙuwa ta bar ƙasarta ta zo, har kunya nake ji, don ni na san ranar tafiyata tun ranar da na zo, shi kuwa a nan zai tsufa. Duk abinda na iya yi a ajin nan a kan harsashin da ya gina ne, ƙa'idar da yaran suka haddace shi ya dasa ta. Shi yasa nake gaya wa masu sha'awar irin wannan aiki, in zaka je kaje ka zama mataimaki, ka tambayi na wurin inda ya tsaya ka ɗora, kuma ka zauna har a gama zango a bada sakamako, zuwan sati biyu a ɗau hoto da yara a watsa a Facebook ba abinda yake ƙara musu sai rikita jadawali.

Watan Fabrairu shi ne lokacin da yafi daɗi. Akwai makon harsuna biyu da makarantu ke yi a farkon watan, 'yan ajina suka yi wasan kwaikwayon kasuwar nan a gaban iyaye, telan nan ma ya zo ya zauna a layin gaba da babbar riga. Sai kuma 11 ga Fabrairu ranar matasa, duk makarantun gari suka fito fareti da kayan makaranta a goge, mun sha atisaye a rana kafin ranar. A ranakun hutu kuma na ɗan zaga, naje fadar Lamiɗo mai manyan zauruka da rufin ciyawa da zane a bango, a nan wani dogari ya tuna min cewa garin nan a da can ƙarƙashin Yola yake tun zamanin Modibbo Adama kafin Jamusawa su shigo a 1901, naje tafkin Tison, na hau dutsen da ke kallon gari, naje Dang inda jami'a take. Da yamma wani lokaci nakan je tasha in ga tashin jirgin ƙasan da ke kwana a hanya zuwa Yawunde, nan ne ƙarshen layin dogon tun 1974, duk kayan da jirgi ya ɗauko da zasu arewa da Chadi a nan ake sauke su a ɗora wa mota.

Ana gab da hutun Ista ruwan farko ya sauka, muka gama jarrabawa na cike maki na miƙa wa abokin aikina littafin da nake rubuta inda kowane yaro yake da rauni. Ranar Lahadi ta ƙarshe aka kirani gaba a sujada akayi min addu'a da Faransanci da Fillanci, matan zumunta suka ɗaura min atamfa, 'yan aji uku kuma suka rakoni tasha da ƙafa, sai kuka ya ƙwace min tun kafin mota ta tashi.

Yanzu abinda nake kai shi ne littattafai. Makarantar bata da littafin labari na Turanci ko ɗaya da yaro zai ɗauka ya tafi dashi gida, sai na darasi kawai, shi ma mutum uku ke haɗuwa a kan guda. Na fara tara ƙananan littattafan labarai masu sauƙi daga wurin malamai 'yan'uwana da ɗaliban da suka gama, kwali ɗaya ya cika na biyu ya kusa, akwai direban da ke zuwa Garwa da ya yarda zai kai min, daga can dattijon da na kwana gidansa zai sa su a bas. So nake su isa kafin a koma makaranta a watan Satumba.