Totur ɗin ƙaramar taraktata da abin da na gano a cikinsa

Duk mai ƙaramar tarakta irin ta lambu, mai injin fetur silinda ɗaya, ya san wannan ciwon, ka tura liba har ƙarshe amma injin ba ya tashi yadda ya kamata, garma na shiga ƙasa sai ya shaƙe. Tawa haka ta fara min ana gab da noman rani a lambunmu na wajen Lamingo a Jos, ga irin kabeji da karas na jira, ni kuma gaskiya ban da kuɗin ɗauko bakanike daga gari.

Da na cire iya kilina (matatar iska) na leƙa sai na ga ashe wayar totur ɗin ma ba kafireta take ja kai tsaye ba. Wani ɗan sifirin take ja, sifirin ya ja hannun gwamna (na'urar da ke daidaita gudun injin), shi gwamnan ne ke buɗe bakin kafireta ya rufe, in kaya ya yi wa injin nauyi ya ƙara mai, in ya yi sauƙi ya rage. To tawa rigar wayar ce ta zame daga ɗan ƙarfen da ya danne ta, shi ya sa ko na kai liba ƙarshe can ƙasa ba ta kaiwa inda ya kamata ta tsaya. Na kashe injin na cire kan fulogi tukuna (kar ka raina wannan, hannunka na kusa da fanka), na sassauta sukurun, na sa liba a gudu, na ja rigar wayar baya a hankali har ƙarfen da wayar ke ja ya dangana da madakatarsa, na ɗaure. Na ɗiga ɗan baƙin mai cikin wayar don ƙurar hunturun nan ta sa ta yi tauri. Shi ke nan fa, aikin da ko shayi bai huce ba an gama.

Silo, wato gudun injin na ƙasa in ba a ba shi wuta ba, shi ne ya ɗan ci min lokaci. Sai injin ya yi zafi sosai ake saita shi, kuma mu nan Jos da sanyin safiyar Disamba sai ka ba shi lokaci. Na sayi ƙaramar mitar nan ta auna gudun injin da ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi a Dilimi, da ita na juya sukurun silo kaɗan kaɗan har ya zauna wajen juyi 1,400 a minti, don irin injin Honda GX ne, gudunsa na sama kuma kar ya wuce 3,600. Kunne yana yaudara wallahi, abin da nake ji kamar daidai ne mita ta nuna ya yi ƙasa.

Duk da haka ya ci gaba da wani hawa da sauka, wuuu wuuu, hannun gwamna na ta kai da komo. Wani dattijon bakanike da ke gyara injin ban ruwa a maƙwabtanmu ya saurara ya ce "yaro, ba gwamna ba ne, jet ɗin silo ne ya toshe, wanke kafireta." Jet ɗin shi ne ɗan ramin da mai ke bi. Haka kuwa, datti ne ɗan mitsitsi a ramin, na fesa mai na hura iska ya daina.

Inda nake jan kunnen mutane shi ne masu lanƙwasa ƙarfen sifirin ko su gajarta shi wai don injin ya ƙara ƙarfi. Ba ƙarfi ka ƙara ba, gudu ka ƙara, ran da kwanrod, ƙarfen da ya haɗa fistan da karanshaf, ya fasa bulo ya leƙo waje za ka gane. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta da kauri, injin fetur na rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, don haka taraktar da ke zabura a Legas dole ta ɗan yi sanyi a nan, ba lalacewa ta yi ba. Ni dai na rage zurfin garma, in ƙasar ta yi tauri na bi sau biyu da giya ta ɗaya, fulogi kuma ina duba shi akai akai don a nan saurin yin baƙi yake.