Fostar da na bari a Agege saboda layin ninki

Wata bakwai ke nan, amma har yau idan na bi ta wajen Pen Cinema sai na leƙa lungun da wani dattijo mai sayar da tsoffin kaya yake baza kayansa, ko da yake na san ba zan sami fostar nan ta fim ɗin The Exorcist ba.

The Exorcist, fim ɗin ban tsoro na Amurka a kan wata yarinya da aljani ya shafa, shi ne fim ɗina tun ina yaro. A wani gidan kallo na nan Agege na fara ganinsa a kaset, kuma kafin ma a nuno yarinyar, kiran sallar da aka buɗe fim ɗin da shi ya riga ya kama ni, can a kangon Hatra da ke arewacin Iraki inda fada Merrin, dattijon limamin coci, yake tonon kayan tarihi. Mu da muka tashi cikin labarin shafar aljanu da ruƙiyya, ganin yadda wasu mutane suke fama da irin wannan ta tasu hanyar ya zauna min a rai. Da na fara samun na kaina a gyaran waya sai na shiga tara kayansa. Baƙar riga mai hoton fadan na tsinta a gwanjon Katangowa ranar da aka fasa dila, kaset a Alaba, littafin William Peter Blatty na 1971 da aka ciro fim ɗin daga ciki kuma a wajen masu tsoffin littattafai na Yaba, bugun baya. Duk waɗannan ba su ba ni wahala ba. Mutum-mutumin Pazuzu, aljanin fim ɗin, shi kaɗai na ƙi saya. Maiɗakina ta ce, "Maigida, takarda da riga na yarda, amma gunki ba zai kwana a gidan nan ba." Gaskiyarta ce, ban ja ba.

Babban burina shi ne fosta ta asali, ta lokacin da fim ɗin ya fito a Disambar 1973, wadda Bill Gold ya tsara: Max von Sydow, wanda ya fito a matsayin fada Merrin, tsaye da malafa da jaka a ƙofar gidan su yarinyar a unguwar Georgetown, haske yana zubo masa daga tagar bene.

Kuma an kawo min ita har hannu. Dattijon, wanda nake sayen tsoffin mujallu da faifan garmaho a wurinsa, ya kira ni wata Asabar ya ce, "Ɗana, zo ka ga wata takarda irin abin da kake nema." Ya zaro ta daga cikin wata tsohuwar ambulan, a ninke. Da ya warware ta a kan tabarma sai ga layin ninki ɗaya a tsaye, uku a kwance, takardar sirirya, gefenta ya yi ruwan ƙasa, kusurwoyinta da hudar ƙusa. Ya ce naira 40,000. Ni kuwa layukan nan kawai idona yake gani. Na ce, "Baba, wannan ai ta sha jiki," na taya 15,000. Ya ce albarka, ya mayar da ita yadda take, a hankali, ninki bisa ninki.

Bayan mako biyu na ga wata a intanet, sumul, ba ninki ko ɗaya, mai ita ya rubuta cewa ta 1973 ce kuma ba a taɓa liƙa ta ba. Na tura naira 150,000 har da kuɗin kawowa, kuɗin da na yi wata huɗu ina tarawa. Ta iso a nannaɗe cikin bututun kwali, tana sheƙi. Na kai ta Shomolu wajen wani abokina mai ɗab'i don ya haɗa ni da mai yin firam. Ya ɗora tef ya auna, inci 24 da 36. Ya ɗauko ɗan gilashin da suke duba bugu da shi, ya kafa a kan ƙananan rubutun ƙasa, sunayen ma'aikatan fim, ya ce in duba da kaina. Haruffan sun baje kamar an yi musu fotokofi. Ya ce, "Abokina, irin wannan injinmu ma zai fitar maka da ita kafin ka sha shayi."

A daren na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta kafin in tura ko sisi. Fostocin sinima na Amurka a wancan zamanin inci 27 da 41 ne, kuma a ninke ake aika su gidajen sinima, inji ne yake ninke su tun daga maɗaba'a, sau ɗaya a tsaye, sau uku a kwance. Sai wajen tsakiyar shekarun 1980 aka koma 27 da 40 kuma aka riƙa naɗe su. Ɗaya a tsaye, uku a kwance. Abin da na gani a tabarmar Baba ke nan, abin da na raina har na taya 15,000 a kansa. Ban iya cin abinci ba.

Da sassafe na hau keke na nufi wurinsa. Ya ce kwana tara ke nan da wani matashi ya saye ta, bai ko nemi ragi ba. "Ba rabonka ba ce, ɗana." Wancan mai sayarwar na intanet kuma ya toshe lambata tun saƙona na biyu.

Kuɗin da aka ci min yana min ciwo, amma wallahi bai kai zafin wadda na taɓa da hannuna na bari ba. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yanzu nake ce masa kar ya tura kuɗi sai an ɗora tef a kan takardar an ɗauko masa hoto yana ganin lambar da idonsa, sai an nuno masa bayanta da rubutun ƙasanta a kusa. Tsohuwar fosta da ta zo sumul tana sheƙi, ita ce abar tuhuma. A sani kuma an sake fitar da fim ɗin a 2000, wanda aka ƙara wurin da yarinyar take saukowa daga bene a rigingine kamar gizo-gizo. Fostar wannan fitowar ma ta gaske ce, amma ba ta 1973 ba ce, kar a sayar maka da ita a wancan farashin. Sabon bugu ba laifi ba ne idan an faɗa maka sabon bugu ne. Ƙaryar ce ta ƙona min rai.

Laimar Legas ma sai an kula. Daminar bara littafina ya fara fumfuna, tun daga nan nake zuba ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin akwatin kayan, kuma ba na rataye komai a bangon da ruwa ke duka. Kar ka yarda a liƙe maka tsohuwar takarda cikin leda da zafi, an kashe darajarta ke nan. Da ta Baba ce a hannuna, ko ƙusa ba zan bari ta sake taɓa ta ba.

Ta bogin tana nan a bututunta a saman durowa, ban yi mata firam ba. Na bar wa Baba lambata, ya ce mutumin da ya kawo masa waccan ya taɓa cewa akwai sauran takardu a gidansu. Na sayi tef irin na teloli, yana aljihuna kullum.