Kuki ɗaya ya kusa ɓata mini suna wajen Alhaji

Har yau in na tuna safiyar Alhamis ɗin nan sai gabana ya faɗi. Ranar kasuwar Dole ce, Damagaram ta cika, sai ga kiran Alhaji: "Malam, kana ina? Zo yanzu ka ga abin da yaron nan ya nuna mini."

Alhaji yana sayar da kayan fata, jakunkuna da takalma na dukawan garinmu, ni na gina masa shafin sayarwa da CodeIgniter 3, wata manhaja da ake gina shafukan intanet a kanta. Daga baya ya nemi wani wuri na ma'aikatansa kaɗai, inda za a riƙa rubuta kuɗin sari, bashi da abin da ya rage a sito. Na buɗe reshe mai suna "ofis" a gaban adireshin shafin. Ban ga dalilin dasa CodeIgniter sau biyu ba. Na fitar da foldar system, wato injin CodeIgniter ɗin, daga public_html, foldar da ke buɗe ga masu ziyara, kowane shafi na ba shi index.php nasa, $system_path ɗinsu ɗaya, $application_folder kowa da tasa, wato injinsu ɗaya amma kowa da foldar aikinsa. Wannan dabarar daidai take, gobe ma ita zan yi. Ko minti talatin ba ta ci ba.

Inda na yi ɓarna shi ne kwafe foldar application ɗungurungum, har da config.php, fayil ɗin saitin shafi, na canza base_url kawai, wato adireshin shafin, na wuce.

Da na iso shagon na tarar da ɗan ƙanen Alhaji riƙe da waya. Asusun mai saye gare shi, ba ma'aikaci ba ne. Ya shiga babban shafi da sunansa, sannan ya buga adireshin ofis don son gani, shafin kuwa ya buɗe masa ba tare da tambayar kalmar sirri ba. A saman allo ga sunan mai riƙe da kuɗin shago, ƙasa ga jerin waɗanda ake bi bashi da abin da ake bin kowa. Alhaji bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Da baƙo ne fa?" Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Abubuwa uku ne suka taru, duk a config.php ɗin da na kwafa. Sunan kuki, wato 'yar shaidar da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane wanda ya shiga, a shafukan biyu ci_session ne, wanda CodeIgniter ke zuwa da shi. Sai sess_save_path, duka biyun folda ɗaya suke zuba bayanan masu shiga. Na ukun shi ya fi ƙona mini rai: watanni kafin nan masu saye suna kukan cewa in sun tashi daga adireshi mai www zuwa marar www sai shafin ya manta da su, sai na sa cookie_domain, saitin da ke faɗin inda kuki ke aiki, ya haɗe adireshin gaba ɗaya har da rassansa. Na manta shaf da wannan gyara. Ashe tun daga ranar burauza tana miƙa kukin ga kowane reshe. Kuma a shafukan biyu user_id nake ajiyewa, wato lambar wanda ya shiga. Yaron shi ne mai saye na 3, mai riƙe da kuɗi ma'aikaci na 3. Ofis ya ga lamba 3, ya buɗe ƙofa.

A kan benci a bakin shagon na zauna da kwamfuta a cinya na gyara. Kowane shafi na ba shi nasa sess_cookie_name, nasa sess_save_path, da sabon encryption_key. Na bar cookie_domain fanko, matsalar www kuma na warware ta da tura kowa adireshi ɗaya a .htaccess, fayil ɗin dokokin saba, yadda ya kamata in yi tun farko. Na share duk tsoffin fayilolin bayanan masu shiga don kowa ya sake shiga. Yanzu ofis yana duba teburin ma'aikata a kowane buɗe shafi, ba ya yarda da lamba kaɗai.

Ɗan'uwa, in za ka raba dasawa ɗaya tsakanin shafi biyu, system kaɗai za su yi tarayya a kai. Kar ka kwafi config.php, ka bi shi layi-layi. Sannan ka yi gwajin da ni ban yi ba: shiga babban shafi a matsayin mai saye, a burauzar nan dai ka buɗe reshen. Ni kullum da asusuna na mai kula nake gwadawa, wanda lambarsa 1 ce a duka biyun, shi ya sa kwana goma sha ɗaya ƙofar tana buɗe ban gani ba.

Daren ranar na kwana ina bin rajistar saba, inda ake rubuta duk buɗe shafin da aka yi, layi bayan layi. Wayar yaron kaɗai ta shiga ta wannan hanya. Bayan sallar asuba na kira Alhaji na faɗa masa, ya ce, "To, alhamdulillahi. Ka zo ka karɓi sauran kuɗinka."