Abin da daji yake yi bayan ruwa ya ɗauke

Idan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, aka yanke dawa aka kai rumbu, mutane da yawa suna ɗaukar cewa daji ya gama amfaninsa sai baɗi. Ciyawa ta yi ja, kuka ta zubar da ganyenta ta tsaya da 'ya'yanta suna reto, hazo kuma ya sauko daga arewa maso gabas har ya rufe duwatsun da suka kewaye garin Bauchi. A ganina, daga kaka zuwa hunturu ne dajin yake aikinsa mafi muhimmanci, sai dai ba a idon mutane yake yin sa ba.

Zubar da ganye dabara ce ta tsimi. Ta ganye ne bishiya take asarar ruwa, saboda haka da zarar iska ta bushe, kuka da marke da ire-irensu sai su sauke shi, su riƙe abin da ke cikin gangar jikinsu da saiwoyinsu, shi kuma ganyen da ya zuba gara ta mayar da shi ƙasa. Wajen ƙarshen hunturu, lokacin da leɓe yake tsagewa saboda bushewa, a lokacin ne mangwaro da kaɗanya suke fure, ɗorawa ta rataya jajayen furanninta, ƙudan zuma su cika su tun da sassafe. Gawo kuwa nasa tsarin daban ne, domin da damina yake tsayawa ba ganye, sai rani ya shigo ya yi shar, kuma jijiyarsa ce da take nutsawa can ƙasa take ba shi wannan damar. Shi ya sa manomi mai hankali ba ya sare gawon gonarsa: ba ya tare wa gero rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne a lokacin da kiwo ya yi wuya.

A dajin Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka kuma buɗe wa masu ziyara a 1962, rani ne lokacin da ake ganin giwaye da ɓauna sosai, saboda ciyawa ta kwanta kuma dabbobin suna tattaruwa a bakin kogin Gaji. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke cikin dajin, yana nan da ɗuminsa na kusan digiri 31, ko da sanyin asuba ya hana mutum fitar da hannu daga mayafi.

Ina ganin ɗan Adam ma yana bukatar irin wannan lokaci na rage kaya. Aikin gona ya yi sauƙi, dare ya ɗan ƙara tsawo, ƙishirwa ta ragu har azumin nafila ya zo da sauƙi, almajiran tsangaya kuma suna kewaye wuta suna karatun dare kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. A irin waɗannan watannin nake samun natsuwar duba bashin da ke kaina, da zumuncin da ya yi sanyi, da gabar da ba ta da sauran dalili.

Abin da yake damuna shi ne, a daidai wannan lokacin ne muke cinna wa daji wuta saboda farautar gafiya da zomo, muna sare bishiyar da muke zaton ta mutu domin gawayi, alhali hutawa take yi. Wutar da aka sa a ƙarshen rani ta fi ta farkonsa ɓarna, domin ciyawa ta bushe ƙarau, zafin yana kashe ƙananan itatuwan da ba su kai ga yin kauri ba. Jihar Gombe ta fara shirin dashen itatuwa mai suna Gombe Goes Green (3G) a 2019, kuma abin a yaba ne, amma dashen da aka yi a watan Agusta ba ya kaiwa damina ta gaba sai an sami wanda zai kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya riƙa ba shi ruwa daga Disamba har zuwa Afrilu.